Becontree da awon igiyar Kano: titi ne ya kamata ya riga gida zuwa

Unguwar da nake zaune a gabashin Landan, Becontree, gonakin kayan lambu ce shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Birtaniya ta yi wa sojojin da suka dawo alƙawarin muhalli, aka kafa dokar gidaje ta 1919. Hukumar birnin Landan ta karɓi filin, ta kama gini a 1921, ba ta kammala ba sai 1935. Gidaje kusan dubu 26, mutum sama da dubu 100, yawancinsu talakawan da aka kwaso daga cunkoson cikin gari. Wanda ya saba bin layin banɗaki da maƙwabta sai ga shi da famfo da bayan gida nasa na kansa, har da ɗan lambu gaba da baya.

Ba wai komai ya tafi daidai ba. Waɗanda suka fara tarewa sun sha wuya: makarantu sun yi kaɗan, shaguna nesa, aikin yi kuma yana can inda suka baro. Sai a 1931 kamfanin Ford ya buɗe masana'antarsa a Dagenham da ke kusa, a 1932 kuma layin jirgin ƙasan Landan mai suna District ya iso. Daga 1980, da dokar gwamnatin Firayim Minista Margaret Thatcher ta ba 'yan haya damar sayen gidajen hukuma, kowa ya sauya ƙofa da fenti yadda ya ga dama, aka sare shingen ganye aka zuba siminti don ajiye mota. Yau 'yan Najeriya ma sun cika wurin. Amma titunan da aka shata tun farko suna nan da faɗinsu.

To mu fa? Kowa ya san yadda bayan garin Kano ya faɗaɗa ta wajen Ɗorayi, Sheka da Rimin Kebe. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka fuloti-fuloti. Abin da ya yi saura shi ne hanya, wadda wani lokaci adaidaita ma sai da dabara take shiga. Kowa ya haƙa rijiyarsa dab da masan maƙwabcinsa. Damina ta zo, ruwa ya rasa mafita, ya shiga ɗakin mutane. Bayan shekara ashirin a zo fitar da titi, a shafa jan fenti a bango, a fara rigimar diyya.

Gaskiya akwai inda muka fi su. Kafin a yi wa gida goma rufi, masallaci ya tsaya, mai shayi ya kafa tebur, Islamiyya ta buɗe a zauren wani. Nan Becontree kuwa sai ka daɗe ba ka san sunan na kusa da kai ba.

Ni ban ce gwamnati ta gina mana gidaje ba. An gwada a rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo, gidaje masu kyau, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin malamin firamare. Bakano ya iya gina gidansa da kansa, bulo ɗari yau, kwano bandir ɗaya baɗi. Abin da ba zai iya shi kaɗai ba shi ne ware titi, kwata, filin makaranta da maƙabarta. Wannan aikin hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, ne, kuma lokacinsa shi ne tun gero yana tsaye a gonar, kafin dillali ya iso da igiyarsa.