Lamba 16 a rimot ɗin esi: sanyin da ake biya ba a mora

Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40, kuma dare ma ba ya kawo sauƙin kirki. Ba wanda zai ga laifin mutumin da Allah Ya hore wa na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, idan ya kunna abarsa. Zafin nan yana kisa. Ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumi, ma'aunin zafi a garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farkon watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabace ta baki ɗaya mutum 130 ya ƙirga. Ga tsoho da jariri da majinyaci, sanyin ɗaki magani ne.

Inda nake da ja shi ne lambar da muke dannawa. Da an kawo wuta sai a rarumi rimot a yi ta latsawa har sai ya tsaya a 16, wai don ɗaki ya yi saurin sanyi. To, ba ya yi. Esin da ya fi yawa a gidajenmu, wanda ba inbata ba (wato ba mai rage gudu da kansa ba), kwamfuresansa, wato injin da ke samar da sanyin, gudu ɗaya ya sani. Ko 16 ka sa ko 25, da ƙarfi ɗaya zai tashi. Lambar ba ta ƙara masa sauri, wurin tsayawa kawai take faɗa masa. Ɗaki mai rufin kwano a Kano cikin Afrilu kuwa da wuya ya taɓa sauka 16, don haka injin ba zai huta ba har gari ya waye ko a ɗauke wuta. Tsakar dare kuma sai ka ga mai ɗakin ya jawo bargo.

A da ana iya wannan sakaci a kwana lafiya. Amma tun da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta awoyi mafi yawa a rana, a Afrilun 2024, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage, kiɗa ya canza. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan sama da kilowat ɗaya. Idan ya kwana yana aiki ba hutawa, awa takwas, ya sha kusan yunit goma, wato wajen naira dubu biyu a dare ɗaya, dubu sittin a wata, a ɗaki ɗaya tak. Mai janareta kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ba ya buƙatar a yi masa lissafi.

Hukumar kula da tsimin makamashi ta Indiya ta ce duk digiri ɗaya da aka ƙara a rimot yana rage shan wuta da kusan kashi 6 cikin ɗari. Shi ya sa daga Janairun 2020 sababbin esin ɗaki a ƙasar suke fitowa daga kamfani a saite a kan 24. Da wannan lissafi, wanda ya tashi daga 18 ya koma 25 ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar da yake sha. Ya haɗa da fanka, wadda ba ta cin ko kashi ɗaya cikin goma na abin da esi ke ci, zai ji kamar an rage wasu digiri biyu. Sai dai fanka jikin mutum take sanyayawa ba ɗaki ba, barinta a kunne a ɗakin da ba kowa asara ce.

Sauran gyaran ba ya cin kuɗi sosai. Ƙurar hunturu tana toshe rariyar da ke gaban esi. Ka buɗe murfin wanda ba a taɓa ba tun Nuwamba, za ka tarar ta yi kauri kamar tsumma, iska na fita da ƙyar. Wanki da ruwa ne kawai maganinta. A sa labule mai kauri a tagar yamma, a toshe ƙasan ƙofa, a yi wa injin da ke waje inuwa ba tare da an tare masa iska ba. Sannan a daina yarda da zancen "gas ne ya ƙare" duk shekara. Gas ɗin esi ba fetur ba ne, zagayawa yake cikin bututu a rufe. Idan ya ragu, akwai inda yake yoyo, kuma mai gyaran da ya ƙara bai liƙe wurin ba ya yi wa kansa tanadin aikin baɗi ne.

Duk wannan a gida ne, inda mai mitar kati yake jin zafin aljihunsa. Babbar ɓarnar tana ofis, musamman na gwamnati, inda mai riƙe da rimot ba shi ke biya ba. Masinja yana zuwa da bakwai ya kunna esin oga, oga kuwa sai sha ɗaya, wani lokacin ma ya yi tafiya Abuja. Ƙofa a wangale, taga ba gilashi an liƙa kwali, sakatariya ta yafa mayafi biyu tana atishawa. A bankuna da manyan kamfanoni kuma ana tilasta wa ma'aikaci kwat da laktaye a garin da kwalta ke narkewa, sannan a ƙona dizal a sanyaya shi. A 2005 gwamnatin Japan ta fito da shirin Cool Biz: a sa esin ofis a kan 28, ma'aikata su ajiye kwat da laktaye lokacin zafi, Firaminista Koizumi da kansa ya riƙa fitowa ba laktaye. Sifaniya ma a Agustan 2022 ta hana a sauko da esi ƙasa da 27 a ofisoshi da shaguna. Mu da muke da kaftani da jamfa na yadi mara nauyi, ba ma sai an ƙirƙiro mana sabuwar sutura ba.

Wani zai ce kuɗina ne, wutata ce, ina ruwan wani. Da taransifomar tasa ce shi kaɗai, da sai a yi shiru. Amma ta unguwa ce. Idan esin gidaje goma suka kwana suna ja ba hutawa, wuta takan rage ƙarfi a layin gaba ɗaya, fankar maƙwabcin da ba shi da komai sai ita ta koma juyawa da ƙyar. In taransifomar ta ƙone kuwa, kowa ake bi gida-gida karo-karo, har da mai ƙwan fitila biyu. Laifin ba na masu esi kaɗai ba ne: muddin kamfanonin rarraba wuta suna ci gaba da kawo bil na ƙiyasi ga gidajen da ba mita, mai tsimi da mai almubazzaranci kusan abu ɗaya za su biya, to wa zai takura wa kansa?

Gwamnonin jihohinmu ba sa buƙatar jiran doka daga Abuja. Takarda ɗaya daga ofishin shugaban ma'aikata ta isa: kada esin ma'aikata ya sauko ƙasa da 25, a kashe na ofishin da ba kowa, a wanke rariya kafin Maris, a keɓe asibitoci da ɗakunan ajiyar magani da na kwamfutoci. Sannan kowace ma'aikata ta riƙa liƙa bil ɗin wutarta da lissafin dizal ɗinta na wata a allon sanarwa, inda duk mai shiga zai gani.