Taswirar da ta ja min kuɗin indomi

Tun 2023 nake son ba da labarin nan, haushi ke hana ni. Daren da ake jiran sanarwar zaɓen shugaban ƙasa muna teburin mai shayi a Jega, na buɗe waya na ga taswirar Najeriya an shafe ta da launi huɗu. Na ƙirga: Tinubu jiha 12, Atiku 12, Obi 11 da Abuja, Kwankwaso Kano. Sai na miƙe tsaye, har da buga benci, na ce kunnen doki ne, sai an je zagaye na biyu, in ba a je ba indomi da ƙwan kowa a kaina.

Ɗan yayata, wanda ni na ɗinka masa kayan makaranta, ya zo sayen burodi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi wayar, ya ja Kebbi da yatsu biyu har ta cika fuskar wayar.

"Kawu, duk Kebbi launin PDP ne, ko? To Atiku dubu 285 ya samu, Tinubu dubu 248. Waɗanga dubu 248 ɗin ina ka kai su?"

Na ce yaro, kai burodi gida. Bai tafi ba. Ya gangara Legas, ɗan ɗigon da da ƙyar ake gani. Obi ya ci ta da ratar da ba ta kai dubu 10 ba, amma ƙuri'un Tinubu a can sun ninka na Kebbi. Ya hau Neja, mafi faɗin ƙasa, ya ce, "Kawu, daji ba ya dangwala yatsa." A hankali ya faɗa, da ladabi, shi ya fi ƙona min rai. Na nemi amsa na rasa, na kurɓi shayi da zafinsa, harshena ya ƙone.

Mai faci kuwa dariya har shayi ya fito masa ta hanci. Mutumin da nake binsa kuɗin buhun shinkafa tun bara waccan! Ko katin zaɓe ba shi da shi, ya ce wanki ya cinye.

Da asuba aka sanar: Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520. Mutum tara na ciyar. Mai faci ƙwai uku ya sa aka fasa masa, ya ce a ƙara albasa. Kuɗin shinkafar dai har yau.