Zane yana gajimare, kankare yana bushewa a ƙasa

Shekara goma sha huɗu ina kula da aikin gini a Sakkwato, ban taɓa ganin ɓata lokaci irin na bana ba. Kamfanin da muke wa aiki ya ce an daina ba mu zane a takarda. Komai yanzu yana rumbun ajiya na intanet, wanda suke kira gajimare. Gajimare, a garin da muke wata bakwai ba mu ga hadari ba!

Ranar da za mu zuba dakin, wato rufin kankare, na wani bene can bayan Dambuwa, tun da asuba tifa ta sauke yashi da tsakuwa, an kwaɓa buhu goma na siminti, lebura talatin sun jeru da kwanoninsu. Sai injiniya ya kira daga Abuja wai ya gyara zanen cikin dare, in buɗa in gani. Na buɗa, abin yana ta juyawa kamar fanka. Na hau tulin bulo ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Zafin Afrilu kuwa ya haura digiri 40, wayar ta yi zafi ta kashe kanta. Tsohon birkilanmu ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, mi muka jira? Wanga kankare ba shi san sabis ba."

Sai bayan azahar zanen ya sauko. Ashe rodi mai milimita 12 da muka ɗaura a bim biyu, wato ginshiƙan kwance masu riƙe dakin, an mai da shi 16. Muka kwance, muka zubar da kwaɓin da ya sandare, aka biya leburori kuɗin yini ba a zuba ko kwano ɗaya ba. Da na kai ƙorafi, wai laifina ne da ban sabunta manhajar ba. Da wace wutar? Da wane sabis?

Datar ma daga aljihuna take fita, ga shi tun Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari. Ban ce abin ba shi da amfani ba, ina aika hoton aiki Abuja su gani nan take, in an dace. Amma wanda ya kawo tsarin nan yana ofis mai sanyi, bai taɓa tsayawa kan dakin da rana tsaka ba.

Jiya na je shagon buga takardu a Mabera, na buga zanen gaba ɗaya da kuɗina, na naɗe shi cikin buhun siminti.