Baba ya fara takawa, amma ya iya juyawa?

"Alhamdu lillahi, Baba ya fara takawa." Duk gidan da aka taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki sun san daɗin wannan albishir. Ya tako daga bakin gado zuwa ƙofar ɗaki, an ɗauka a waya an tura wa dangi, ana ta barka da arziki. Ni ma ina taya su murna. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: da ya kai bakin ƙofar, yaya aka yi ya dawo? Galibi mutum biyu ne suka tallabe shi suka juyo da shi, kuma ba wanda ya ɗauki wannan a waya.

A ganina mun ɗora ma'aunin samun sauƙi a kan tafiya miƙe, alhali gida ba titi ba ne. Dubi gidajenmu na gargajiya: da gangan ake kaucar da ƙofar zaure daga ta cikin gida don kada na waje ya hango iyali, saboda haka mai shiga sai ya karkata. Zuwa ban ɗaki kuwa, sai ya kewaye randa, ya shiga ƙaramar ƙofa, ya juya ya rufe, ya sake juyawa ya nemi buta. Masu bincike a Amurka da suka ɗauki bidiyon mutane suna harkokinsu sun ga cewa a wasu wuraren har rabin takun mutum na juyawa ne.

A nan haɗarin yake. Wani nazari da aka yi a Biradfod ta Ingila a 1995 ya gano cewa kashi 73 cikin 100 na tsofaffin da suka yi wannan ciwo sun faɗi aƙalla sau ɗaya cikin wata shida da sallamar su daga asibiti. Wani kuma da aka yi kan tsofaffi a Sidini ta Ostireliya a 1994 ya nuna cewa faɗuwa a lokacin juyawa ta fi kawo karayar kwatangwalo kusan sau takwas a kan faɗuwa a tafiya miƙe, don mai juyawa a gefe yake faɗuwa, a kan ƙashin. Mai shanyewa kuma ya fi faɗuwa ta ɓarin da ya mutu, inda ƙashi ya riga ya yi rauni saboda rashin aiki, hannun da zai tare ƙasa da shi kuma ba ya amsawa. Dattijon da ya karye a nan ya koma gado, wahalar watanni ta tafi a banza.

Juyi ba daga ƙafa yake farawa ba. Ka kira wani daga baya ka lura da shi: ido ne zai fara waiwaye, sai kai, sai ƙirji, sai ƙugu, ƙafa ce ta ƙarshe. Abin da ke haɗa wannan jeri shi ne gangar jiki, wato tsokar ciki da ta baya da ta haƙarƙari. Mu kuwa hannu da ƙafa muke kallo, su ake shafa wa mai, su ake wa tausa, don su ne suka mutu a gaban idonmu. Tsokar gangar jiki tana karɓar umarni daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa rauninta ba ya fitowa fili, kuma yana iya taɓa har ɓarin da muke kira mai lafiya. Sai ka ga majinyaci yana juyawa a sandare kamar ƙyaure, da ƙananan taku barkatai, yana tsoron ɗora nauyi a kan raunanniyar ƙafa. Juyi kuwa dole ya kai shi ga ɗora nauyin, ko da na ƙiftawar ido ne.

Atisayen gangar jiki ba ya buƙatar na'ura. A kwance, a lanƙwasa gwiwoyi a riƙa kai su dama da hagu, a ɗaga ƙugu daga katifa a sauke a hankali. A zaune bakin gado, tafin ƙafa a ƙasa, a ajiye kofi inda sai ya ranƙwafa zai kai gare shi, yau a gaba, gobe a gefe, ya kuma waiwaya da kafaɗunsa kamar mai duba wanda ya shigo. A 2023 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 68 da aka yi kan mutum 2,585, ta ga alamun ƙaruwar daidaito a tsaye da iya tafiya, amma ta yi kashedi cewa hujjar da yawanta mai rauni ce. Na yarda da kashedin. Shi ya sa ba zan ce atisayen gangar jiki kaɗai zai koya wa mutum juyi ba. Ƙwaƙwalwa abin da aka maimaita mata take koya. Sai an tashi an juya ɗin, ta dama da ta hagu, a kewaye kujera, a juya a zauna, da mai jinya tsaye a ɓarin da ya raunana yana riƙe da ƙugu. Kada a ja shi ta mataccen hannu, haka ake gurɗa kafaɗa.

Babban abin da ke kawo cikas shi ne tausayinmu. "Kwanta ka huta, Baba." A jera masa matasai, a ba shi abinci a baki, a juya shi, a tayar da shi. Ƙauna ce, Allah Ya saka wa masu jinya, mafi yawansu mata da ba sa barci. Amma duk motsin da aka yi masa alhali zai iya gwadawa, an rage masa darasi ɗaya. Ko sallar da yake yi a zaune, idan likita ya yarda ya bar jingina, ranƙwafawar ruku'u da waiwayen sallama motsi ne na gangar jiki da wuya, sau biyar a yini.

Za a ce likitocin gashin ƙashi, wato masu koyar da irin wannan atisaye, ba su da yawa, kuma sun taru a manyan asibitocin birni, ga kuɗin mota, ga layi. Gaskiya ne. Wani bincike mai suna SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya danganta kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki da hawan jini, ciwon da kusan kowane dangi ke da mai shi. Layin ba zai gajarce nan kusa ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa ɗan lokacin da ake samu da likita ya kamata a kashe wani abu daga cikinsa wajen koya wa mai jinya, tunda shi ne ke tare da majinyaci dare da rana. Akwai gwajin da aka sani tun 1991 wanda kujera da agogo kawai yake buƙata: majinyaci ya tashi, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo, ya zauna. A rubuta daƙiƙun a kati kafin sallama daga asibiti, a ƙirga taku nawa ya yi kafin ya juya, a sake aunawa duk zuwa.

A gida kuma a bi hanyarsa daga gado zuwa ban ɗaki, a tsaya a duk inda zai juya. A ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, a share ruwan alwala, a kafa abin dafawa a bango, a bar fitila kunne da dare. Idan jiri ya ɗebe shi ko ya ji ciwon ƙirji ana cikin atisaye, a dakata, a auna jininsa, a gaya wa likita.