Kafin a ce "a sauke giya", a zaro sandar mai tukuna

Makonni uku da suka wuce ƙanena ya kira ni daga Abuja, muryarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Corolla ɗinsa ce, ƙirar 2006, mai giyar otomatik. Da safe idan ya sa ta a D, wato giyar tafiya, sai ta yi shiru, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ta shiga da wata 'yar girgiza. A hanya kuma, wajen hawan Kugbo, inji ya yi ta kuka kafin giya ta canza. Ya kai ta Apo, bakanike ya zagaya da ita sau ɗaya, ya dawo ya ce a sauke giyabos a sayo na Beljiyam.

"Yaya, kuɗin ya fi albashina na wata biyu."

Na ce ya kunna bidiyo, ya bar motar a kunne a P, wato giyar fakin, a waje mai daidai, ya zaro sandar man giya ya goga a farar takarda. Man da ya kamata ya zama ja garau ya koma kalar shayin da ya kwana, kuma bai ko kai alamar ƙasa ba. Ashe bakaniken ko bonet bai buɗe ba.

Shekara tara ke nan ina Hustan a Amurka, inda kusan kowace mota otomatik ce, zafin bazara kuma bai bar na Abuja da nisa ba. Tawa motar ta taɓa yi mini irin wannan jan ƙafa. A garejin da na je, kafin kowa ya taɓa sifana sai da na biya kuɗin bincike. Raina ya sosu, amma na ga abin da na saya. Sun duba mai, sun duba yoyo, sun jona kwamfuta a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996. Yawancin tokunbo da ke yawo a Wuse da Kubwa suna da ramin nan. Lambar matsala ta fito a kwamfutar, ta nuna solenoyid, wato ɗan bawul mai aiki da lantarki da ke buɗe wa mai hanya idan lokacin canjin giya ya yi.

Abin da mutanenmu ba sa riƙewa shi ne giyar otomatik da matsin mai take aiki. Man ba don santsi kawai yake ba, shi ne hannun da ke damƙe faifan kulocin da ke ciki. Idan ya yi ƙasa, ko zafi ya cinye shi, ko filta ta toshe, matsi ba ya taruwa da wuri, sai ka ji jinkiri. Wani lokaci ma giyar lafiyarta lau, sansa mai auna gudu ce ke yi wa kwamfutar motar ƙarya. Duk waɗannan gyaransu bai kai ko kusa da kuɗin giyabos ba. Ga kuma zafi: wanda ke shan cunkoson Nyanya da Mararaba safe da yamma, ya taka ya tsaya, ya taka ya tsaya, dafa man giyarsa yake yi a hankali, ba kamar mai miƙe hanyar Kaduna ba.

Sai babbar cutarmu, "ai man giya duk ja ne". Wallahi ba ɗaya ba ne. Corolla irin ta ƙanena T-IV take sha, Toyota na baya-bayan nan WS, Honda tana da DW-1 nata, masu CVT kuma, wato giyar da ba ta da matakai, nasu daban ne gaba ɗaya. Har yadda ake aunawa ya bambanta, don tsofaffin Honda a kashe ake duba su bayan sun ɗumama. Amma yaron shago zai miƙo maka duk galan da ke kusa da hannunsa, oga ya ɗura, kai kuma ka yi godiya.

Kada a ce zama a waje ya sa na raina gida. A nan ɗin ma da suka gano solenoyid, shawararsu ta farko ita ce a canza akwatin bawul ɗin da solenoyid yake jikinsa dungurungum, saboda ladan aikin awa ɗaya ya haura dala 100, ba wanda zai zauna yana wanke ƙananan ramuka. A Apo kuwa na san akwai masu hannu da za su kwance akwatin nan a kan kwali, su wanke, su mayar da kowane ɗan ƙwallo da sifirin a mazauninsa ba tare da littafi ba. Irin wannan gwanin a nan sai an tona. Abin da ke ba ni haushi shi ne gwanintar tana nan a gida, amma an fi son a fara da aikin da ya fi tsada, wataƙila don akwai la'ada a wajen mai sayar da giyabos. Shi kuma na Beljiyam ɗin, wa ya san kilomita nawa ya ci kafin ya hau jirgin ruwa?

Na sa ƙanena ya canza gareji. Na biyun ya gano man yana ɗiga ta gasket, wato abin toshe yoyo a bakin kwanon da ke ƙasan giyabos. Ya sauke kwanon, ya sa sabuwar filta da gasket, ya ɗura T-IV. Na gargaɗe shi cewa abin da ke fita ta ƙasa bai kai rabin man ba, sauran yana maƙale a ciki, don haka ya sake juyewa bayan 'yan makonni. Na kuma ce ya tambayi bakaniken abin da ya gani a gindin kwanon, domin da an samu ɓarɓashin ƙarfe ko man yana warin ƙuna sosai, to maganar bakaniken farko ta tabbata, sabon mai ba ya mayar da faifan da ya cinye. Ashe baƙar laka ce kawai a jikin maganaɗisun da ke cikin kwanon.

Jiya ya turo mini saƙon murya daga Kugbo, ina jin ƙarar inji a bayansa. Ya ce jinkirin safe ya tafi, amma daga giya ta biyu zuwa ta uku har yanzu tana ɗan tunani idan ta yi zafi. Ranar Asabar zai kai ta a jona kwamfuta.