Takardar tsire a gaban Farfesa

Waɗanda muka kare kundi rana ɗaya kun ga abin da idonku, amma tunda kilas ref ɗinmu yana ta yawo da labarin yana ƙara masa gishiri, gara ku ji shi daga bakina.

Kundina a kan ƙarancin takardun naira ne na farkon 2023 da yadda ya gigita ƙananan 'yan kasuwa. Ina fama da babi na biyu, wani dare na sayi tsire a bakin get, ina ci ina karanta guntun jaridar da aka naɗo shi a ciki, sai ga sakin layi ya faɗi daidai abin da na kasa faɗa. Na kwafe shi tas. Sunan jarida da kwanan wata da lambar shafi duk a layin can na sama ake buga su, kuma daidai nan mai tsire ya yage. Sunan marubucin kuwa maiƙo ya cinye shi. A manazarta sai na rubuta "Wata Jarida", na bi ta da n.d., alamar babu kwanan wata, wadda dai tsarin APA na rubuta manazarta ya san da ita. Sufabaiza ya sa hannu. Ban ce ya karanta ba.

Ranar difens, Farfesan da aka gayyato daga waje ta baya ya buɗe kundin. Ya riƙa bin manazarta da biro. Na mujallun ilimi ya wuce su lafiya, don waɗannan na yi musu aiki: marubuci, shekara, taken maƙala, sunan mujalla da lambar kundi a karkace, lambar fitowa cikin baka, shafuka, har da DOI, lambar gano maƙala a intanet. Ina ta murmushi. Sai biro ya tsaya.

"Malam, ita wannan Wata Jarida, a Kaduna ake buga ta ko a Legas?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai n.d. ce."

Ya cire tabarau. Ya ce jarida kullum take fita, shi ya sa ko shekara kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗa da wata da rana. Ya ce n.d. ta abin da aka wallafa babu kwanan wata ce, shi kuwa bai taɓa ganin jarida irin wannan ba, ko Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 da kwanan watanta ta zo. Sannan ya tambaya ko ina da ita.

Da na ce a'a, da an wuce wurin. Bakina ya ce tana nan. Na zaro walat, na warware ta a gaban malamai da ɗalibai da masu jiran layi a taga. Maiƙo ya ratsa ta har ana hango hannuna ta ciki. Farfesa ya karɓa da yatsu biyu, ya ɗaga ta sama wajen haske, ya sauko da ita, ya kai hanci. Wallahi ya kai hanci. Ɗakin ya yi tsit, ana jin ƙarar fanka. Ya sake shinshinawa, ya dube ni, ya ce, "Na rago ne ko na sa?"

Ban san lokacin da na ce na rago ba.

Ana tsakiyar dariya ya juya bayan takardar, ya karanto guntun labarin da ke cewa Babban Banki ya ɗage wa'adin tsofaffin kuɗi daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu. Ya ce to ga shi, jaridar wajajen ƙarshen Janairun 2023 ce, juyawa kawai ake buƙata.

Wanda ya fi kowa dariya, har da dukan tebur da share hawaye, kun san shi, kilas ref ɗin nan namu ne. Mutumin nan tare muka ci tsiren. Shi ya ci fiye da rabi, har da albasar, bai ba da ko sisi ba. Shi ne kuma ya ce min, "Abokina sa n.d. kawai, wa zai duba?" Yanzu ya rantse bai taɓa faɗa ba. Filashina tana hannunsa tun aji uku, kuɗin handawut ɗin da ya tara bai taɓa yin bayaninsu ba, amma shi ne mai kwaikwayon yadda Farfesa ya ɗaga hanci a duk majalisar da ya zauna. Kwaikwayon ma bai iya ba.

Daga nan malamai biyu suka kaure da gardama kan ko ana sa "p." kafin lambar shafin jarida. Ɗaya yana kan bugu na 6 na littafin APA da ke sawa, ɗaya ya ce bugu na 7 na 2019 ya cire. Shafin da babu wanda ya san lambarsa. Ni ina tsaye, an maido min da takardata, na rasa aljihun da zan sa ta.

An ce in je laburare in nemo ta a cikin ɗaurarrun jaridu. Na je, na sha ƙura, ban same ta ba. Sakin layin dai na cire shi, sai da na sake biyan kuɗin bayindin.