Keke mai lantarki bai kai ga maye gurbin keken da muka saba ba

Wani rahoto ya ce keke mai lantarki zai maye gurbin keken da muka saba hawa, amma a ganina da sauran rina a kaba. Gaskiya ne tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 jama'a ke neman mafita, kuma mai hawa tudu da kaya a tsakar rana zai ji daɗin taimakon injin. Sai dai batirinsa yana buƙatar awanni a jone da wuta, zafin bazara kuma yana rage masa ƙarko, alhali keken gargajiya idan sarƙarsa ta zame ko tayarsa ta sace, mai faci a bakin titi zai gyara nan take. Idan caji ya ƙare a hanya, nauyin da yakan haura kilo 20 da ƙafafunka za ka tuƙa shi.